Mai Jinya Ma Baƙonmu Ne

Kullum motoci na sauke mutane daga Illela da Gwadabawa, har da Birnin Konni, sun rako marasa lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Marar lafiya ya sami gado. Wanda ya rako shi kuwa sai tabarma a baranda, guzurinsa ya ƙare a magani da gwaji tun mako bai zagayo ba.

Mu mazauna Minanata da sauran unguwannin Sakkwato mun iya dubiya, amma sau da yawa ba ta wuce sannu da addu'a a bakin gado. Alhali mai jinyar da guzuri ya yanke masa a garin da ba nasa ba ya shiga ma'anar ibnus-sabil, ɗaya daga cikin rukuni takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba haƙƙi a zakka. Malamanmu na Malikiyya sun ce ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu, matuƙar bai sami mai ranta masa ba.

Muna kira ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta ware musu kaso, limamai kuma su tunatar a huɗuba. Namu a gidaje shi ne kwanon tuwon dare, da wurin wanka da wanki, da karɓar zaman jinya na yini guda domin bawan Allah ya runtsa.