ZAUREN 'YAN MATA: Begin Ko Start, Wacce Zan Sa?

   

Cikin wasiƙun da suka zo mini wannan watan akwai ta wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare daga Gummi. Ta ce malaminsu na Turanci ya ja mata jan biro a ƙarƙashin wata jimla, ya rage mata maki, ita kuwa har yau ba ta ga laifinta ba. Abin da ta rubuta shi ne, "My father began the car." Wai ta duba ƙamus, begin fara ne, start ma fara ne, to ina bambancin? Ga jarrabawar WAEC ta ƙarato, kuma ta san idan babu kiredit a Turanci maganar jami'a ta sha ruwa, a gida kuwa dama ana jiran sakamakon ne a yanke shawara, ko karatu ko aure.

Ƙanwata, malaminki yana da gaskiya. Ƙamus ɗin ma bai yi miki ƙarya ba, rabin zancen ya ba ki ya riƙe rabi. A wurare da dama kalmomin nan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ki ce "The lesson begins at 8" ko ki ce "The lesson starts at 8," ba mai taɓa miki maki. Kamar dai fara da soma ne a Hausa, ko hwara yadda iyayenmu suke faɗi a nan Zamfara. Mu marubuta har da gangan muke juya su, a wannan shafi Hajiya ta fara kuka, a na gaba ta soma kuka, don kar mai karatu ya gaji. Amma ko su ɗin akwai inda suke raba hanya. Ɗan fari ake cewa, ba ɗan somi ba. Somin taɓi ake cewa, ban taɓa jin farin taɓi ba.

To ga dabarar da nake so ki riƙe, kuma ba sai kin haddace komai ba. Ki mayar da jimlar Hausa a zuciyarki tukuna. Baba ya fara mota? Haba! Ko a Gummi, ko a Anka, ko a Kano ba mai cewa haka. Tayar da mota ake yi. To duk inda Hausa ta ƙi fara ta ce sai tashi ko tayarwa, Turanci ma zai ƙi begin ya ce sai start.

Wannan ba dace ba ne kawai. A tsohon Turanci kalmar start ba fara take nufi ba, zabura take nufi, irin mutum yana zaune ya tashi firgigit. Har gobe 'yar uwarta startle tana nufin firgita mutum. Sai can daga baya ta shigo gonar begin. Shi ya sa duk abin da ke kwance shiru sai a zaburar da shi, nata ne. Janareta idan an ɗauke wuta, injin markaɗe, famfon ban ruwa a fadama, babur ɗin yayanki da yake buga wa kik sau biyar kafin ya amsa, duk start ne. Ki saurari bakanike ma, abin da ke tayar da mota sitata yake ce masa, daga starter. Ita kuwa beginner 'yar koyo ce, irin wadda aka kai wajen tela jiya. Kin ga idan kika musanya su kin mayar da ƙawarki kayan mota.

Tafiya ma haka. Motar Gummi idan ta cika a Anka cewa ake ta tashi, ta bi ta Daki Takwas. Don haka "We started for Gummi early" za ki rubuta. Haka kafa sana'a ko buɗe shago, "My aunt started a tailoring business." Haka gobara, haka rigima, haka tsegumi. Duk gidan da aka tara kishiyoyi aka zauna sulhu, tambayar farko ita ce wa ta tayar da maganar nan, wato "Who started it?" Ba mai son amsawa, don kalmar tana nuna mutum da yatsa.

Ita begin mai natsuwa ce. Ta fi zama daram a rubutu, ta fi dacewa da abin da ke shigowa a hankali har ba za ki iya cewa ga minti kaza da ya soma ba, kamar fahimta, kamar shakka, kamar ciwo. "I began to understand." A littattafan labari na Turanci kuma, idan mutum ya buɗe baki zai yi magana, "she began" suka fi sawa. Ba wai start haramun ba ce a nan, a'a, sai dai begin ta fi cika kunne.

Bari in ba ki misalin da ba na wasa ba, tunda kuna iya samun tambaya a kan wani abu da ya taɓa faruwa a yankinku. A shekarar 2010 duniya ta ji labarin gubar dalma a ƙauyukanmu, Dareta da Abare da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma a ta Bukkuyum. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma, ana niƙa su a cikin gari, har da cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Likitocin ƙungiyar MSF suka zo suka yi ta magani, Bagega kuwa sai a 2013 aka kankare mata gurɓatacciyar ƙasar. Idan za ki rubuta wannan, ga yadda kalmomin za su raba aiki: "The men started the grinding machines, and the children began to fall ill." Injin, hannu ne ya tayar da shi, da ƙara, kowa ya ji. Ciwon kuwa sanɗa ya yi, uwa tana ganin zazzaɓi ne da jijjiga irin wanda aka saba. Ni dai ban san wata jimla da ta fi wannan fito da bambancin ba.

Sai tarkon da ya fi cinye maki. Start ba ta da rigima, started ce jiya, started ce bayan have. Begin kuwa riga uku gare ta, begin, began, begun. "I began" daidai ne, "I have begun" daidai ne, amma "I have began" jan biro ne nan take. Idan kina ɗakin jarrabawa, lokaci yana tafiya, kika rikice tsakanin began da begun, ki sa started ki wuce abinki. Kusan duk inda begin ta shiga start za ta shiga, ita begin ce ba ta iya bin start ko'ina.

Akwai ta ukunsu, commence, wadda 'yan makaranta ke so don a ce sun iya. Daga Faransanci ta shigo Turanci, bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066, kuma har yau ba ta cire babbar riga ba. Wurinta kotu da takardar gwamnati. Dokar shari'a da ta fara aiki a Zamfara ranar 27 ga Janairu, 2000, irin wannan ranar ce lauyoyi ke kira commencement. A Amurka ma haka suke kiran bikin yaye ɗalibai. Amma don Allah kar ki rubuta wa ƙawarki cewa kin yi commence ɗin wanke-wanke, dariya za ta yi miki.

Na san wasunku tun ɗazu ba jarrabawa ce a ransu ba, wasiƙar da ke ɓoye cikin littafin lissafi ce. To ku matso. Kowacce cikin kalmomin nan tana da abokiyar tafiya, begin da end, start da stop. Na farkon na labari ne mai farko da ƙarshe, na biyun na inji ne mai makunni. Don haka idan wani mai gashin baki biyu da rabi ya aiko miki da takarda mai zanen zuciya da kibiya, wai "I have started loving you," Turancinsa bai karye ba, ba zan yi masa sharri ba. Amma ki aika ƙaninki ya tambayo shi, shin son nan irin na janareta ne? Idan irinsa ne, ya faɗi lita nawa ya zuba, kuma a hannun wa makunnin yake. In ya ce a'a, na gaske ne, to ya san ƙofar gidanku, ya turo magabatansa su sami Baba a zaure.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.