Kafin Mu Zagi Ɗan Acaɓa

Duk sanda ɗan acaɓa ya kife da fasinja, jama'a kan taru a yanke hukunci nan take: ganganci ne, ko ƙwaya ce. Ban musa ba, tramadol ta lalata wasu daga cikinsu. Amma a ganina, tun kafin yaron ya hau kwalta wasu sun riga sun shirya masa faɗuwar.

Dubi yadda ake shiga sana'ar. Yaro ya zo ci-rani bayan girbi, wani mai hali ya miƙa masa makullin Boxer, ya ɗan zaga filin ƙwallo, shi ke nan ya zama direba. Ba lasisi, bai san alamar titi ko ɗaya ba. Sharaɗin mai babur guda ne: balas kowace yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya ƙara tsanani. Shi ya sa yake goyon biyu, yake kashe inji a gangara, yake bin hannun da ba nasa ba don kada ya ƙona mai zuwa shataletale. Taya ta suɗe kamar tafin hannu, burki na kuka, bakanike ya ce a canja, mai babur ya ce a ɗan ɗaure tukuna.

Bakaniken layinmu yana da kwali cike da madubai sababbi fil. Samari ne ke sa a cire musu ranar da aka haɗa babur, wai madubi na tsofaffi ne. Wanda ba ya ganin bayansa dole ya waiwaya, a wannan waiwayen ne kuwa yake afkawa rami ko bayan tirela.

Mu fasinjoji fa? Mu ne masu cewa "Malam, ɗan taka mana, na makara." Mu ne masu ɗora 'yan makaranta huɗu, ƙaramin a kan tanki, don a biya kuɗin hawa ɗaya. Hajiya ta zauna a karkace, gefen hijabinta na lilo kusa da sarƙa, ba mai ce mata ta tattare. A Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka, fasinjoji da dama kuma suka ƙi sawa, wai tsoron asiri. Aka yi ta dariya. Karayar ƙafa dai ana kai ta asibitin ƙashi na Dala ko wajen mai ɗori. Kan da ya bugi kwalta kuwa, sau da yawa ba a kai shi ko'ina.

Ƙungiyoyin 'yan acaɓa suna karɓar kuɗin tikiti kullum a tasha. Su ya kamata su hana tikiti ga babur marar madubi da yaron da ba a gwada tuƙinsa ba. In kuma aka yi hatsari saboda burki ko taya, 'yan sanda su nemo mai babur ɗin, ya zo ya tsaya tare da yaronsa.