Radiyo ya ce canjin yanayi ne

'Yan'uwa manoma, a damanar 2024 ambaliya ta halaka mutane kusan 400 a Nijar, jihar Maraɗi kuwa ta sha wuya ƙwarai. Gidajen radiyo suka ce canjin yanayi ne. Mun yarda: iska in ta yi zafi takan ɗauki ruwa mai yawa, ta zubo shi gaba ɗaya. Amma 'yan jarida nan suke tsayawa. Manomin Gidan Rumji yana son jin yaushe gulbi zai cika. Na Gazawa yana cigiyar irin gero mai saurin nuna. A Ɗan Saga, ƙasar Agye, sassaben zamani ya maido da itatuwa cikin gonaki. Muna roƙon 'yan jarida su zo su gani, su ba da labarin da Hausa.