Wadda Aka Fara Gano Wa Cutar Ba Lallai Ita Ta Kawo Ta Gida Ba

'Yar'uwa mai karatu, da kai maigida, da ke Hajiya uwar miji, maganarmu ta yau ta ɗakin awo ce. A mafi yawan gidajenmu mace ce ake fara yi wa gwajin ƙwayar HIV, mai haddasa ƙanjamau, domin ita ke zuwa awon ciki, kuma gwajin yana cikin abubuwan da ake yi a can. Namiji kuwa sai ya shekara goma allura ba ta taɓa yatsansa ba. Saboda haka in cutar tana cikin gida, a jinin matar za a fara ganinta. Daga nan sai dangi su yanke hukunci tun ba a kai ga alƙali ba: ita ta kwaso, a ba ta takardarta.

Wannan hukunci ba shi da tushe a likitance. Gwaji yana nuna ƙwayar tana jiki, amma ba ya faɗin ranar da ta shiga, balle wanda ya kawo ta. Tana iya yin shekaru a jikin mutum yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, ko ciwon kai ba ya yi. A ƙasar da aure ke yawan mutuwa ana sake wani, ga kuma gida mai ɗakuna biyu zuwa huɗu, ƙwaya ɗaya tana iya zagaya kowane ɗaki ba tare da wani ya taɓa saɓa wa Allah ba. Ga ƙarin jinin da ba a tantance ba, ga askar da aka yi wa mutane da yawa aiki da ita. Binciken NAIIS na 2018 ya nuna cewa a Najeriya, tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kashi 1.9 cikin ɗari na mata ne ke ɗauke da ƙwayar, maza kuwa kashi 0.9. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne jikin mace ya fi saurin ɗauka wajen saduwa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan zargi. Matar da ta ga yadda aka kori maƙwabciyarta, in aka ba ta irin wannan sakamako, shiru za ta yi. Wata ta daina zuwa awo ta haihu a gida. Wata ta karɓo magani ta ɓoye a ƙasan akwati, ta sha yau, gobe maigida na ɗaki ta fasa. Jaririn da ke ciki shi ke kwana a ciki. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, in uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari za su ɗauki ƙwayar a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. In tana sha yadda ya kamata, adadin yakan faɗo ƙasa da 5.

Maganin nan kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke bayar da shi, kuma ga mafi yawan manya ƙwaya ɗaya ce a yini. Ba ya warkarwa, kada wani mai magani a mota da lasifika ya ruɗe ku. Amma yana danne ƙwayar har na'ura ta kasa ganinta a jini, kuma wadda ta kai wannan matsayi ta ɗore a kai ba ta sa wa mijinta cutar ta hanyar saduwa. Shi jariri ana ba shi maganin ruwa da zarar an haife shi, a gwada shi yana da mako shida, a sake bayan yaye. Hajiya, nan ne aikinki: wata shida na farko nono zalla, ba ruwa, ba jiƙo, ba koko, uwar kuma ta ci gaba da shan maganinta. Ke ake jin maganarki a gidan.

Wani zai ce ai sun yi gwaji kafin ɗaurin aure. Madalla. Jihar Kano ma ta mai da shi doka a 2024, kuma ina goyon baya. Sai dai takardar shaidar rana ɗaya ce. Ƙwayar da ta shiga jiki kwanan nan tana iya kai wata uku gwajin gaggawa bai nuna ta ba. Don haka a sake a kowane ciki, a kuma sake duk lokacin da za a kawo amarya, uwargida da ango da amaryar baki ɗaya.

Ke kuma da aka ba wa sakamako kina tsoron faɗa, ba dole ki fuskanci maigida ke kaɗai ba. Ki gaya wa ma'aikaciyar da ta gwada ki, ta gayyato shi a yi muku gwajin tare, a yi bayani a gabanku ku biyu. Kada ki jinkirta fara magani kina jiran wannan rana.

Maigida, ran awo na gaba ka raka ta, ka miƙa naka yatsan. Sakamako yakan fito cikin kamar minti ashirin, kuma ko da naka ya fito babu komai nata akwai, a nan za a gaya maka yadda za ka kare kanka ku ci gaba da zamanku.