Daga Miskine zuwa Bouar: Lissafin da ya kamata dattawa su yi kafin su tada mota

A Miskine da maƙwabciyarta PK5, inda kasuwar Bangui mafi girma take, akwai wani buri da ke yawan zuwa wa dattijo idan ya ajiye aiki ko ya miƙa wa 'ya'yansa shago. Yana so ya ɗauki uwargidansa a mota, su fita ta PK12, su bi Boali, Bossembélé, Yaloké, Bossemptélé da Baoro har Bouar, suna kwana gidajen abokan da suka yi ƙuruciya da fatauci tare. Niyya ce mai kyau, zumunta kuwa a ƙafa take. Sai dai duk wanda ke ƙaunar waɗannan dattawa ya kamata ya zaunar da su a yi lissafi, domin tafiyar ta fi tsada fiye da yadda ake faɗa a majalisa bayan la'asar.

Mu fara da mai. Daga Bangui zuwa Bouar kusan kilomita 450 ne, zuwa da dawowa 900. Tsohuwar motar da ke shan lita 10 a kowane kilomita 100 za ta sha lita 90. Tun da gwamnati ta ɗaga farashin fetur a Janairun 2023, lita ta haye sefa 1,000, wato kuɗin mai kaɗai zai zarce sefa 90,000. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku, man da take sha ana shigo da shi ne ta kogin Ubangi ko ta hanyar Duwala, kuma a ƙauyuka sau da yawa sai dai a saya a kwalba a bakin titi, da tsada, ba tare da tabbacin ba a gauraya shi ba. Ƙara taya biyu na ko-ta-kwana, da kuɗin bakanike, da ladan yaron da zai karɓi tuƙi idan idon Alhaji ya gaji.

Sai shingaye. Wani bincike da cibiyar IPIS ta fitar a 2017 ya ƙirga shingaye 290 a hanyoyin ƙasar. Abin da ake bayarwa a kowane shinge ba ya da yawa, amma idan aka tara na zuwa da na dawowa sai ya zama wani abu. Wanda ya fi kuɗin ciwo shi ne tambayoyin. Musulmin ƙasar nan sun daɗe suna kukan yadda ake tsananta musu wajen takardu, ana kallon suna da sutura kafin a kalli katin shaida. Tsohon da aka haifa a Bangui, ya biya haraji shekara da shekaru, a sauko da shi a rana gaban matarsa ana tambayarsa daga ina ya zo: wannan ma asara ce, ko da ba a rubuta ta a takarda.

Na uku lafiya. Babbar hanyar da ta nufi Garoua-Boulaï a iyakar Kamaru mafi yawanta da kwalta, amma da zarar an sauka daga kanta don zuwa Carnot ko Berbérati, ko an wuce Mbaïki za a Boda, sai jar ƙasa da ramuka. Da damina mota kan kwana a taɓo. Hajiya mai ciwon suga da ke allura tana buƙatar wuri mai sanyi don ajiye maganinta, alhali wutar da ake samarwa a Boali ba ta ishi Bangui ma ba. Idan hawan jini ya tashi da tsakar dare a Bossemptélé, komawa manyan asibitocin Bangui tafiyar kusan kilomita 300 ce, kuma ba a bin hanyar da dare.

Tsaro ma yana da nasa kaso. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 'yan tawayen CPC sun toshe babbar hanyar Garoua-Boulaï har kaya suka yi wuya a kasuwar PK5, kuma tun daga lokacin an sha samun nakiyoyi a ƙananan hanyoyin arewa maso yamma. Al'amura sun lafa fiye da da, amma matashi ne ke iya gudu cikin daji idan abu ya ɓaci.

Akwai kuma kuɗin da ba daga aljihun matafiyi yake fita ba. Abokin da ya dawo daga gudun hijira, yana faman rufa ɗaki ɗaya da kwano, ba zai taɓa cewa kada a zo ba. Zai yanka kazar da yake tattali, ya ciyo bashin shinkafa da sukari, ya bar wa baƙi katifarsa ya koma tabarma, matarsa ta kwana uku a bakin murhu. Baƙi za su tafi suna yabon karamci, shi kuwa ya yi wata yana biyan mai shago.

Mafi nauyi duka shi ne tambayar su wa za a tarar. Bayan rikicin da ya ɓarke a Disambar 2013, yawancin Musulmin yammacin ƙasar sun tsere a 2014. A Bossemptélé an kashe mutane da dama a Janairun 2014, waɗanda suka tsira kuma da yawansu limamin coci Bernard Kinvi ne ya ɓoye su a asibitin mishan. A Boda da Yaloké waɗanda suka rage sun zauna a killace. Wasu sun dawo, amma dubbai suna Kamaru a Garoua-Boulaï da sansanoni irin su Gado da Lolo, wasu suna Cadi. Dattijon da ya isa ƙofar amininsa ya tarar da wasu a gidan, ko kango, zai koma da ciwon da ya fi wanda ya fito da shi.

Ba cewa nake a yanke zumunci ba. A rage tafiyar ta dawo daidai ƙarfi: a yi ta da rani, a tsaya kan kwalta, a zaɓi gari ɗaya ko biyu, a tabbatar ta waya cewa mutumin yana nan kuma yana da halin saukar baƙi, a kai masa buhun shinkafa da kuɗin cefane tun ranar sauka. In kuwa abokin ya fi ƙarfin jiki, kuɗin man nan ya ishe shi kuɗin mota zuwa Bangui da dawowa har da guzuri. 'Ya'ya, ku zauna da iyayenku ku yi wannan lissafi da biro da takarda, kuma ɗayanku ya raka su.