Shekarar da Landan Ta Waiwayo: Gidan Zane na Tate a 2013

A gefen kogin Temas a birnin Landan akwai wani katafaren gini na jan bulo mai doguwar hasumiyar hayaƙi, wanda a da tashar wutar lantarki ce. An rufe tashar a 1981, aka gyara ginin, aka buɗe shi a watan Mayu na 2000 da sunan Tate Modern, watau gidan ajiya da nunin zane-zane da sassaƙe-sassaƙe na zamani. A shekararsa ta fari mutum fiye da miliyan biyar suka shiga. Ba taron jama'ar ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, 'yan'uwana ɗalibai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne aikin da gidan ya yi a 2013, domin a ganina akwai abin da ya shafe mu a ciki, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa taka Ingila ba.

Shekara ce da masu lura da gidan ba su ga ta zama ba. Tun watan Fabrairu aka baje ayyukan Roy Lichtenstein, Ba'amurken nan mai kwaikwayon hotunan barkwanci na jaridu da ɗige-ɗige. A watan Oktoba aka kawo na Paul Klee, wanda ya rasu tun 1940. Waɗannan biyu su ne masu kawo kuɗi, gama shiga gidan kyauta ne, amma nuni na musamman sai an yanki tikiti, sunan da aka riga aka sani kuwa shi ke jawo masu biya. Ba ni da ta cewa a kansu.

Tsakanin waɗannan biyu ne aka yi abin da ba a saba ba. A watan Afrilu aka buɗe nunin ayyukan Saloua Raouda Choucair, wata mai zane da sassaƙa ta ƙasar Labanan, wadda aka haifa a 1916. A watan Yuli kuma aka ba Ibrahim El-Salahi na Sudan fili, aka jera ayyukansa fiye da ɗari, tun daga na ƙuruciya har na tsufa. Shi ne ɗan Afirka na farko da gidan ya yi wa irin wannan gagarumin nuni na aikin rayuwa. A lokaci guda aka shimfiɗa aikin Meschac Gaba, mutumin Kwatano a Jamhuriyar Benin.

Wanda duk ya yi makarantar allo zai ji El-Salahi kamar ɗan gida. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne, ya kuwa tashi yana ganin tawada da alƙalami da allo. Ya tafi makarantar zane ta Slade a Landan cikin shekarun 1950, ya koyo fasahar Turawa, ya komo Hartum ya baje kolinta, mutanen garinsu ba su kula ba. Maimakon ya ce jama'a ne ba su waye ba, kamar yadda wasunmu kan yi in sun dawo da digiri, sai ya koma ya duba abin da mutane ke ratayewa a ɗakunansu da abin da idonsu ya saba da shi. Ya ɗauki harafin Larabci ya karya shi, ya miƙe shi, ya lanƙwasa shi, har fuskoki da tsuntsaye da itatuwa suka fito daga ciki. A 1975, yana babban ma'aikaci a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Numairi ta kama shi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, ta tsare shi wajen wata shida a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba. A can ma bai daina ba: yana zane a kan guntayen takardar buhun siminti, yana binnewa cikin yashi kada gandirobobi su gani.

To, wannan mutum yana da shekara 82 lokacin da Tate ta tuna da shi, ita kuwa Choucair ta cika 97 ana cikin nuninta. Jaridun Turai suka yi ta yabon gidan cewa ya gano wasu gwanaye. Ina ganowa a nan? Tun 1961 ƙungiyar Mbari ta Ibadan, inda su Wole Soyinka da Chinua Achebe da Uche Okeke da Demas Nwoko ke haɗuwa, ta baje zane-zanen El-Salahi. Shekara 52 ke nan Ibadan ta riga Tate. Abin da ya faru a 2013 biyan tsohon bashi ne, an kuwa biya shi a makare.

Duk da haka ba zan bi sahun masu cewa duk aikin banza ne ba. Nuni wata uku yake yi a kwashe, amma abin da gida ya saya ya ajiye shi ke zama, shi ɗalibai za su riƙa gani, shi marubuta tarihi za su riƙa ambata. Tate ta kafa kwamiti na musamman domin sayen ayyukan Afirka, ta mallaki babban zanen El-Salahi mai suna Reborn Sounds of Childhood Dreams, ta kuma mallaki aikin Gaba gaba ɗaya. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna shekarar gidan zane da shi, ba yawan ƙafafun da suka ratsa ƙofa ba. Ga wani abu kuma da ya kamata ma'aikatanmu matasa su lura da shi: bankin Guaranty Trust na Nijeriya yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin shirin Afirka na gidan. Watau da kuɗinmu aka taimaka wajen buɗe mana ƙofar.

Aikin Gaba shi ya fi sosa inda ke yi mini ƙaiƙayi. Tsakanin 1997 da 2002, yana zaune a ƙasar Holan, ya gina abin da ya kira gidan nunin fasahar Afirka ta zamani, ɗaki goma sha biyu: akwai ɗakin karatu, akwai kanti, akwai wurin cin abinci, akwai ɗakin wasanni, har da ɗakin aure, inda ya ajiye kayan bikinsa na gaske. Gida ne wanda ba shi da fili balle harsashi, ana naɗe shi a kai wani gari a warware. Ya yi shi ne don bai ga inda zai rataye aikinsa ba, ko a Turai ko a gida. Da Tate ta karɓe shi sai tambayar ta ƙara kaifi: gidan da aka yi mafarkinsa domin Afirka ya sami mazauni a bakin kogin Temas, inda ɗalibin Kwatano ko na Zariya sai ya nemi biza kafin ya gan shi.

Nan ne laifi ya komo kanmu. Zariya ce ta haifi ƙungiyar ɗaliban zane ta 1958, su Okeke da Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka nace sai an haɗa abin da aka koya a aji da abin da aka gada. Amma mai karatu ya tambayi kansa sau nawa ya taɓa shiga nunin ƙarshen shekara na ɗaliban sashen zane, ko ofis nawa ya sani da aka taɓa ware ko sisi domin sayen zanen ɗan ƙasa a rataye a zaure maimakon kalandar kamfani. Muna da masu zayyanar allo, da masu ɗinkin aska a wuyan riga, da magina masu ado a fuskar soro, ba mu ɗauke su a bakin kome ba sai ranar da Bature ya rubuta littafi a kansu.

Ƙungiyar ɗalibai ba za ta iya gina Tate ba, ba kuwa wanda ya ce ta gina. Amma tana da zaure, tana da bango, tana karɓar kuɗin ƙungiya kowace shekara. A cire wani abu daga kuɗin da ake kashewa wajen liyafar rantsar da shugabanni, a sayi aiki biyu ko uku na ɗaliban da za su fita, a rubuta sunan mai aikin da shekara a ƙasa, a ba wani amintacce riƙon littafin lissafinsu. Ina roƙon majalisar wakilan ɗalibai ta sa wannan magana cikin jerin abin da za ta tattauna kafin a zartar da kasafin kuɗi na gaba.