Kada A Bar Yaranmu Su Watsar Da Labarin Ƙasa

Jama'a, akwai wani abu da ke faruwa a makarantunmu na sakandare wanda ya kamata iyaye da hukuma su dube shi da idon basira. Da zarar yaro ya shiga aji huɗu aka ce ya zaɓi darussan da zai zauna wa jarrabawar WAEC ko NECO, sau da yawa darasin da ya fara jefarwa shi ne labarin ƙasa, wato jogirafi. Dalili kuwa, ba ya cikin darussan dole, ga shi kuma yara suna tsoron karatun taswira kamar yadda akuya ke tsoron kura. Ni a ganina wannan babbar hasara ce, musamman ga mutanen Jihar Taraba.

Wanda ke shakka ya shiga Kasuwar Jalingo ya dubi kayan da ke jibge. Doyar nan ta Mumuye daga wajen Zing da Yorro take zuwa. Bandar kifi daga Kogin Binuwai take, ta Lau da Ibi. Ganyen shayin Highland kuwa a Kakara ake noma shi, can bisa tsaunin Mambila, inda tudun ƙasa ya kai kimanin mita 1,600, sanyi da yawan ruwan sama suka sa shayi ke yi a can, alhali ba zai yi a Jalingo ba. To, me ya sa kowace ƙasa take ba da irin nata amfani? Me ya sa farashin masara ke faɗuwa da kaka, ya hau da bazara? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce labarin ƙasa, ba wani abu ba. Ɗan kasuwan da bai taɓa shiga aji ba ya san rabinsa da ka. Abin kunya ne ɗansa ya gama aji shida bai san ko kwatansa ba.

Ba maganar ciniki kaɗai ba ce, har da ta rai. A watan Agusta na 2005 ambaliya ta karya gada a Jalingo, mutane da yawa suka rasu. A 2012 da 2022, sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya haɗu da ruwan sama mai yawa, Binuwai ya cika ya batse, ya cinye gonaki da gidaje. A Agusta na 2024 kuma ruwa ya tafi da gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, matafiya suka koma ƙetarewa da jiragen ruwa. Kowa ya sani in hanya ta yanke, mai sayen kwanon abinci a kasuwa shi zai biya kuɗin wahalar. Duk da haka mutane ba su fasa gina gidaje a bakin Lamurde da Mayo Gwoi ba. Yaron da aka koya wa karanta layukan tudu da kwari a taswira, zai iya gaya wa mahaifinsa cewa filin nan da ake yi masa tayi da araha hanyar ruwa ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Haka nan a shekarun 2010 aka yi ta sare itacen madobiya, wanda 'yan katako ke kira madrid, ana lodawa zuwa ƙasar Sin. Wasu sun sami kuɗi, amma dajin da ke riƙe ƙasa da ruwa ya tafi. Wanda ya karanta yadda zaizayar ƙasa ke somawa ba zai ga wannan ciniki riba ba.

Wasu iyaye za su ce, ai so muke yaro ya zama likita ko lauya, ina ruwansa da tsaunuka? Gaskiya ne kowa da burinsa. Amma su tuna mai safiyo, da mai tsara gari, da mai duban yanayi, duk da wannan ilmi suke aiki, kuma Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008 tana da sashensa. In 'ya'yanmu ba su karanta ba, sai mu ci gaba da ɗauko baƙi su auna mana ƙasarmu.

Sai dai laifin ba na yara kaɗai ba ne. Malamin da ke karanto sunayen kogunan Turai daga littafi, ba taswira, ba fita, shi ke kashe musu sha'awa. Gani ya kori ji. Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Ilmi ta jiha, tunda gwamnati ta sanar da ilmi kyauta a 2023, ta cika ladanta, ta ɗauki ƙwararrun malamai, ta sayi taswirori. Shugabannin makarantu kuma su riƙa fitar da ɗalibai. Ba sai an yi hayar mota zuwa Gashaka Gumti ba: a kai su Kasuwar Jalingo su tambayi inda kowane kaya ya fito, su zana hanyarsa, sannan a kai su bakin Lamurde da rani, a koma da damina.

Jihar da ke da Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, bai dace a ce 'ya'yanta ba su iya nuna shi a taswira ba. Iyaye, kafin yaro ya cike takardar zaɓen darussa, a zauna da shi a yi shawara. Allah Ya sa masu abin su ji, su kuma gyara, amin.